Na Ɓoye Notin Motar Ɗana Don Ya Dawo Ranar Asabar

Assalamu alaikum, Hajiya Saratu mai filin shawara.

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin kwanakin da suka rage mini ba su da yawa. Kada ki firgita, ba mutuwa nake nufi ba, wannan sai ranar da Mai ita ya so. Asabar ta sama nake nufi. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta ina goye da autana. Inda kika ga harafi ya karkace ki miƙar da shi da kanki.

Ni tsohuwa ce a Kurmin Mashi, na ba wa sittin da biyar baya, jikokina goma sha ɗaya, na je Makka sau biyu, kuma na yi sata. Noti na sata, na mota, guda ɗaya tal. Yanzu haka yana cikin kwallar da nake ajiye turaren wuta, naɗe a tsumma, ya hana ni sakat.

Maigidana shekara shida ke nan da rasuwa. Ma'aikacin gwamnati ne, ya bar mini gida mai ɗaki biyar da tsakar gida shafe da siminti, wanda ya sa aka zuba don kada fijonsa ta taka laka. 'Ya'yana huɗu. Mata biyu suna gidajensu, ɗaya Gusau ɗaya Abuja, autan yana ƙasar waje yana karatun da ba ya ƙarewa. Babban ne kaɗai a garin nan, a Mando yake haya shi da matarsa Atika da 'ya'yansu uku. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunan ba, hannuna ma ba zai fara yau ba. Mu kira shi Mai Mota.

Kin san yadda aka tashe mu. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, sai da ya isa shiga makaranta aka maido mini. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa yi masa wasa ba. In ya durƙusa gaishe ni, sai in amsa ina kallon bango. Ƙannensa ina tsokanarsu suna ramawa, jikoki kuwa ba a magana, har tsoron bakina suke yi. Amma shi, shekararsa arba'in da bakwai, hirarmu ba ta wuce an tashi lafiya, akwai abin da ake buƙata, to Allah ya ƙara lafiya. Ba ya rage ni da komai, wannan shaida zan yi masa ko a gaban Allah. Shinkafa tana zuwa, maganin ƙafa yana zuwa, direban ofishinsu ke kawowa. Daga Mando zuwa nan ko shayi ba zai huce ba, amma sai in yi wata ban sa shi a ido ba. Ladidi, matar da ke taya ni aiki, ƙarfe sha ɗaya take tafiya. Daga nan sai ni sai rediyo sai ƙadangarun katanga. Har suna na raɗa musu, akwai wani mai jan kai da nake kira Darakta don ba ya komai sai gyaɗa kai.

To, Mai Mota yana da gona can bayan Katabu, inda ake sauka daga kwalta a shiga hanyar daji, yana kuma da wata tsohuwar jif da yake zuwa da ita. Daminar bana sau biyu cikinta ya dafe a laka, sai da mutanen ƙauye suka taru suka turo ta. Shi ne ya yi odar wasu ƙarafa da ake ɗaura wa mota ta ƙara tsawo, cikinta ya yi nisa da ƙasa. Suka iso a kwali biyu. Gidan da yake haya tsakar gidan yashi ne, kuma ba shi kaɗai ba ne, jak ɗin ɗaga mota kuwa sai a wuri mai tauri kuma shafaffe. A nan ne ya tuna da simintin ubansa.

Ranar Asabar ta farko ya shigo da motar, tare da Malam Shu'aibu, makaniken da ya yi wa marigayi gyaran fijo fiye da shekara ashirin. Shi ma yanzu furfura ta cinye kansa. Mutum ne mai tsanani a aiki. Ya ari babban tirena na biki, ya juye notukan da suka zo cikin kwalin, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana duba takardar da ta zo da su, ya jera su sahu-sahu manya da ƙanana. Na ce masa ko lefe ba a yi wa wannan lissafin. Ya ce lefe in ya ɓata aure ne kawai zai girgiza.

Na jawo kujerata gindin gwaiba na zauna kallo. Aikin ba walda, ba yanka ƙarfe, duk kwancewa ne da ɗaurewa. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, a cire taya. A baya suka sa wasu tubalan ƙarfe a wajen sifirin ɗin nan mai faranti-faranti, suka ɗaure da wasu dogayen ƙarafa lanƙwasassu kamar hannun bokiti, suka canza shokazoba da doguwa. A gaba kuma sai an ciro shokazobar gaba ɗaya da sifirin da ke naɗe a jikinta, a ɗora mata wani zobe mai kauri a ka, a mayar. Kin ga har na zama makanike. Tsofaffin notukan duk tsatsa ta cinye su, sai an zuba mai an jira, an buga an sake jira, shi ya sa aikin yini ɗaya ya zama na makonni.

Hajiya, abin da ya faru a Asabar ɗin nan ban san yadda zan faɗa miki ba. Da Mai Mota ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai nake gani, sai na ji bakina ya buɗe. Na ce wa Malam Shu'aibu ya dubi ƙafafun nan, sak na marigayi, babban yatsa ya yi gabas sauran sun yi yamma. Sai na ji dariya daga ƙarƙashin mota. Dariyarsa. Wallahi ban san haka take ba, ashe irin ta kawuna ce, mai shiƙewa a ƙarshe. Daga nan na ɓalle. Na ba su labarin ranar da ubansa ya koya mini tuƙi na shige cikin kajin maƙwabta, da ranar da fijo ta mutu a Kawo muna ɗauke da amarya, amaryar ta fito da lulluɓinta tana turi. Wasu gaskiya ne, wasu na ƙara musu gishiri. Yana daga ciki yana cewa Inna wannan kam ƙari ne, ina cewa ya fito ya rantse. Ya miƙo hannu baƙi ƙirin ya ce in miƙo masa sifana mai lamba sha tara, na miƙa masa sha bakwai da gangan don ya sake magana. Da azahar suka ci tuwona da miyar kuka a kan tabarma, ya nemi ƙari. Rabon da ya ci abincin hannuna a gabana tun zaman makokin ubansa.

Duk makon nan na yi shi ina jiran Asabar. Motar tana tsaye a tsakar gidana ba taya, ina zagaya ta da safe kamar maras lafiyar da aka bar mini jinya. Asabar ta biyu ma haka, har ta fi daɗi. Suka gama baya, suka gama gaba ta dama. Da la'asar sai na ji Malam Shu'aibu yana cewa saura ƙafa ɗaya, mako mai zuwa kafin azahar an sauke ta. Suna fita masallaci na tashi na tsaya a kan tiren nan. Na zaɓi wanda ya fi kowanne kauri a cikin waɗanda suka rage, tsawonsa ya kusa tafin hannuna, da wata lamba a bisa kansa. A lissafina tunda daga nesa aka kawo kayan, sai an sake aikawa a kawo wani, mako biyu ko uku, motar tana nan, shi ma dole ya riƙa leƙowa.

Asabar ta uku aka nemi noti aka rasa. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage kwali, aka leƙa magudanar ruwa. Har da ni a nema, da tsintsiya a hannuna ina salati. Allah ya yafe mini wannan salatin. Ran Mai Mota ya ɓaci, ya ce wa Malam Shu'aibu girma ya kama shi, ya fara zubar da kayan mutane, da ya sani da ya kai wa yaran zamani. Malam Shu'aibu bai ɗaga murya ba, ya ce abin da ya ƙirga shi ya jera, kuma bai taɓa ɓatar wa marigayi ko wosha ba. Mai Mota ya fita, bai jima ba ya dawo da wani noti daga wajen masu sayar da kayan gyara, fari ƙal, tsawo da kauri duk ɗaya da nawa. Malam Shu'aibu ya jujjuya shi a hannu, ya ce wannan kansa shafe yake ba lamba, ƙarfen ƙofa ne ko na gado, shi ba zai ɗaura shi da hannunsa a gindin shokazobar gaba ba, wurin da nauyin mota ke sauka. Mai Mota ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne, ya shiga ya ɗaure da kansa. Malam Shu'aibu ya wanke hannunsa, ya tattara sifanunsa, ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama kamar kullum. Ga tuwo na kwashe, bai ko dube shi ba. Ina zaune, tsakanina da kwallar nan taku goma, na bar shi ya fita.

Aka sauke mota, ta miƙe kamar raƙumi. Mai Mota ya shiga, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya fita. Abin da ya rage mini tabon baƙin mai a kan siminti, na hana Ladidi wankewa.

Yau kwana goma sha biyu. Shi bai zo ba. Malam Shu'aibu da ya saba biyowa duk Juma'a bayan masallaci ya gaishe ni mu taɓa hirar marigayi, shi ma ya ɗauke ƙafa. Na nemi ƙarin Asabar, na rasa har Juma'ar da nake da ita. Shekaranjiya Atika ta kira, ta ce motar tana ajiye ana jiran manyan tayoyi, sun iso, ranar Asabar ta sama za su tafi gona su duka, har da Umaima ƙaramarsu da ba ta cika shekara huɗu ba. Tun da ta faɗa nake ganin hanyar nan mai ramuka a idona, da farin notin nan.

Na yi tunanin in jefa shi gindin gwaiba in ce tsintarsa na yi, ko in ce Ladidi ta gani a shara. Amma na san halinsa, cewa zai yi a ajiye, wanda ya sa ya wadatar. In kuwa na ce ni na ɗauka, zai tambaye ni dalili, dalilin kuma shi ne abin da ba ya faɗuwa. In ce masa me? Ina kewarka? Ni, ga ɗan fari? Ƙasa ta tsage in shige ya fi mini sauƙi. Ina kuma tsoron maganar ta bazu a dangi a ce tsohuwa ta fara ruɗewa, tana kwashe kayan mutane tana ɓoyewa, a rufe gidan nan a kai ni Abuja a ajiye a bene.

Ki gaya mini gaskiya, notin nan da gaske zai iya yin ɓarna, ko fushi ne kawai irin na Malam Shu'aibu? In da gaske ne, ta ina zan fara?

Taki,
Tsohuwa mai ajiyar da ba a ba ta ba, Kurmin Mashi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Inna.

Na yi dariya a wajen kajin maƙwabta, amma kafin in kai ƙarshen wasiƙarki dariyar ta tsaya. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba saboda ranar da kika ambata.

Tambayarki ta farko na kai ta wurin wani dattijon makanike da na amince da shi. Ya ce Malam Shu'aibu ne da gaskiya. Lambar da ke kan noti ita ke nuna taurin ƙarfensa, wanda kansa yake shafe kuwa ba a san me aka narka aka yi shi da shi ba. A kan kwalta cikin gari yana iya yin watanni lafiya. A hanyar ramuka, da mutane da kaya, yana iya lanƙwashewa ko ya katse ba gargaɗi, kuma a wurin da aka sa shi, in ya katse gefen motar ne zai zauna ƙasa ana cikin tafiya. Ba na cewa lallai zai katse. Amma ba abin da ake gwada sa'a da shi ba ne da yara uku a baya. Motar nan kada ta bar Mando zuwa gona sai an canza shi.

Maganar jefawa gindin gwaiba ki bar ta. Ke da kanki kin faɗa, zai ce a ajiye. Kuma ko ya karɓa ya sa, zargin yana nan a kan Malam Shu'aibu, an tabbatar ke nan shi ya yar. Mutumin nan ya yi wa gidanku hidima shekara ashirin da wani abu, abin da yake taƙama da shi shi ne ba ya ɓatar da kayan mutane, an kuma ci masa fuska a gabanki kan abin da kika san bai yi ba. Wannan haƙƙi ne a wuyanki, Inna, ba ya sauka da dabara. Ladidi ma kada ki jawo ta cikin ƙarya.

Ban ga laifin kunyar da aka tashe ki a kanta ba. Iyayenmu sun yi ta da kyakkyawar niyya, kuma ta raini mutane masu ladabi. Amma ki duba ta ɓangarensa. Yaro ya tashi yana gaishe ki kina kallon bango, ya koyi cewa girmama ki shi ne ya taƙaita magana ya tashi. Shinkafar da maganin da yake aikowa, iyakar hanyar da aka bar masa ke nan ta nuna kulawa. Ina kyautata zaton bai san kina ƙirga kwanakin da bai zo ba, tunda duk sanda ya tambaya lafiya lau kike ce masa. Wannan bai wanke shi duka ba. Mutum mai shekara arba'in da bakwai ya isa ya gane cewa uwa ita kaɗai a gida mai ɗaki biyar ba buhu kawai take buƙata ba, kuma maganar da ya gaya wa sa'an ubansa ba ta dace ba ko da notin ya ɓata da gaske. Amma mutumin da ya yi ta dariya a ƙarƙashin mota har ya nemi ƙarin tuwo ba gudunki yake yi ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki kira shi yau, ki ce ya biyo bayan an tashi aiki, shi kaɗai, akwai magana kan motar kuma ba ta waya ba ce. In ya zo ki ajiye notin a gabansa. Ba sai kin ambaci sunansa ba, ba sai kin ce kina kewarsa ba, ba sai kin dube shi ba ma. Ki ce ke kika ɗauka, don ba ki so aikin ya ƙare ba. Iyakarta ke nan, zai fahimci sauran. Yana iya yin fushi, yana da hujja, ki bar shi ya yi, kada ki mai da abin wasa a wannan lokacin ko da bakinki ya yi ƙaiƙayi. In ya huce ki faɗi abin da kike so a fili: rana ɗaya a mako ya zo ya ci abinci a gidan ubansa, da mota ko ba mota.

Tsoron a ce kin ruɗe kuwa, faɗin gaskiyar ne maganinsa. Wadda ta ce na ɗauka kuma ga dalilina, hankalinta ɗaya. Wadda wata rana aka buɗe kwallar turarenta aka tsinci notin mota ba bayani, ita ce za a fara yi wa kallon tausayi. Ki roƙe shi maganar ta tsaya tsakaninku ku uku.

Na ukun shi ne Malam Shu'aibu. Ku je wurinsa tare, kada ku aika a kira shi. Ki faɗa masa da bakinki, ɗanki kuma ya ba shi haƙuri kan kalamansa. Sannan a roƙe shi ya cire farin notin ya sa na asali, ya bi sauran duka da sifanar da ke auna ɗauri. Makaniken da na tambaya ya ƙara da cewa motar da aka ɗaga sai an kai ta an daidaita ƙafafunta, a duba ko tiyon birki bai yi ɗamau ba, a sake bin notukan bayan tafiya ɗaya ko biyu don suna saki, direba kuma ya rage gudu a kwana tunda ta ƙara tsawo. In duk wannan bai samu ba kafin Asabar, a ɗaga tafiyar. Gona ba inda za ta.

Na san abin da nake nema a gare ki ya fi ɗaukar notin wuya nesa ba kusa ba. Amma magana ce da ba ta wuce numfashi biyu ba, kunyarta ta yini ɗaya ce, shirun kuwa ba ki san abin da zai ci ba. Ki ajiye jaridar nan ki ɗauki waya.

Allah ya sauƙaƙa miki faɗa, ya sanyaya zuciyarsa wajen ji, ya huce ran Malam Shu'aibu, ya kai su gona lafiya ya dawo miki da su lafiya.

Hajiya Saratu